Wannsee: dajin na kowa ne, amma an kange bakin ruwan

Wanda duk ya ce maka Wannsee unguwar masu hannu da shuni ce bai yi ƙarya ba. Tun 1863 wani mai banki, Wilhelm Conrad, ya fara sayen filaye a wannan kusurwa ta kudu maso yammacin Berlin yana yanka wa attajirai, har yau kuma manyan gidajen suna nan jere a bakin ruwa. Amma a ganina ba gidajen ne suka yi Wannsee ba. Dajin ne da ruwan, su kuwa na kowa ne, kuma yana damuna yadda mazauna Berlin da yawa, har da 'yan uwanmu, suke kallon wurin kamar ba su da rabo a cikinsa.

Dajin nan ba sa'a ce ta bar shi ba. A 1915 hukumar haɗin gwiwar Berlin da garuruwan kewayenta ta sayi kimanin hekta 10,000 na daji daga gwamnatin Prussia a kan mak miliyan 50, da sharaɗin ba za a yi gini a kai ba, ba kuma za a sayar ba. Ana tsakiyar yaƙin duniya na farko aka yi wannan ciniki. Dajin Grunewald da ke dab da Wannsee yana cikin abin da aka saya. Ba don wannan takarda ba, da tuni 'yan kasuwar filaye sun cinye shi.

Zuwa ba wuya. Jiragen S1 da S7 duk suna tsayawa a tashar Wannsee, haka ma RE1, daga babbar tashar Berlin kuma tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Tikitin AB, wato na shiyyoyin cikin Berlin, ya isa. Sai in za ka zarce Potsdam ne kake buƙatar shiyyar C. In tikitin takarda ka saya, ka buga shi a ɗan akwatin da ke bakin dandamali kafin ka shiga, don wanda ba a buga ba daidai yake da babu, tarar kuma yuro 60 ce. Keke ma da nasa tikitin.

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne sauka a tashar Wannsee alhali wurin wanka suke nema. Babban wurin wankan, Strandbad Wannsee, ya fi kusa da tashar Nikolassee, tasha ɗaya kafin nan. Daga can sai ka taka ta cikin daji. Wanda ya sauka a Wannsee ya bi titin Am Großen Wannsee da fatan tafiya a gefen ruwa, abin da zai yi ta gani shi ne katanga da ƙofar ƙarfe da allunan ƙungiyoyin masu kwale-kwale. Ruwan yana bayan shingen, sai dai ya hango shi ta tsakanin gidaje. A nan ne nake ganin an yi wa jama'a rashin adalci. Garin da ya iya sayen daji sukutum don talaka ya sha iska, bai kamata ya gaza buɗe siririyar hanyar ƙafa a bakin tafkinsa ba. Duk filin bakin ruwa da ke hannun gwamnati, in wa'adin hayarsa ya ƙare, ya kamata a sa sharaɗin barin hanya kafin a sabunta.

Shi Strandbad an buɗe shi a 1907, dogayen gine-ginensa kuma na 1929 zuwa 1930 ne. Tsawon rairayin ya kai mita 1,275, faɗinsa wajen mita 80, yashin ma daga gaɓar tekun Baltik aka ɗauko shi. Ana biyan kuɗin shiga. Ruwan ba shi da zurfi a baki, shi ya sa masu yara suke son wurin. Amma mai zuwa da iyali ya sani, akwai ɓangaren da aka ware wa masu wanka tsirara, alamarsa FKK. Ka duba allon tun daga ƙofa ka zaɓi inda za ku shimfiɗa. Wanda ba ya son biya, bas 218 yana bin gaɓar kogin Havel ta cikin daji, akwai wuraren wanka kyauta irin su Großes Fenster.

Yanzu maganar ruwan kansa, don a nan mutane suka fi cutuwa. Wannsee ba rufaffen tafki ba ne, lungu ne na kogin Havel, kuma abin da kogin Spree ya kwaso daga tsakiyar gari yana biyowa ta nan. In aka tafka ruwan sama mai ƙarfi, tsofaffin magudanan cikin gari suna cika su amayar da ƙazanta cikin kogi, don haka a ɗaga wanka na kwana biyu ko uku. A ƙarshen lokacin zafi kuma, wajen Agusta, sinadarin fosfet da ɗumi da rashin gudun ruwa suna haifar da gansakuka mai launin shuɗi-kore, wadda ke sa ƙaiƙayi da amai da gudawa, ta fi kuma yi wa yara da karnuka illa. Gwajin mai sauƙi ne: shiga har ruwa ya kai gwiwa, ka duba ƙasa. In ba ka ga ƙafarka ba, fito. Hukumar lafiya ta LAGeSo tana auna ruwan daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Satumba tana wallafa sakamakon. A irin wannan lokaci tafkin Schlachtensee da ke kusa ya fi tsabta, dalili kuwa tun 1981 wata matata a Beelitzhof take cire fosfet daga ruwan Wannsee kafin a tura shi can.

Dajin yawanci itatuwan fayin ne a kan yashi, in ya bushe kamar ashana yake. An hana shan taba a cikinsa duk shekara, balle hura wuta ko gashin nama. Wanda ya ga gobarar Agustan 2022, wadda ta tashi daga wurin da 'yan sanda ke ajiye abubuwan fashewa a Grunewald ta sa aka rufe babbar hanyar AVUS kwanaki, ba zai ce dokar ta yi tsanani ba.

Aladun daji suna nan da yawa, suna fitowa har gefen titi da magariba. Daga Maris zuwa Mayu uwa tana tare da 'ya'yanta. Kada ka shiga tsakaninsu, ka ja da baya a hankali, ka bar mata hanya. Ciyar da su laifi ne, tarar tana iya kaiwa yuro 5,000, kuma ragowar abincin da ake bari ne yake sa su daina tsoron mutum. Sai kaska. In kun koma gida a duba bayan gwiwa da hammata da bayan kunnen yara. In an same ta, a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a hankali, ban da shafa mai ko ƙona ta. In jan zobe ya fito yana faɗaɗa a wurin bayan kwanaki, a je wurin likita, don alamar cutar Borreliose ce.

Gida biyu a kan wancan titi mai katanga, Am Großen Wannsee, suna buɗe wa kowa, bas 114 yana kai ka duka. Ɗaya na mai zane Max Liebermann ne, Bayahude, wanda 'yan Nazi suka tilasta wa matarsa Martha sayar da shi a 1940. Ɗayan, lamba 56 zuwa 58, shi ne inda manyan jami'ai 15 suka zauna ran 20 ga Janairun 1942 ƙarƙashin Reinhard Heydrich suka tsara yadda za a aiwatar da kisan Yahudawan Turai. Tun 1992 wurin tunawa ne, shiga kyauta. Ban ga dalilin da mutum zai zo Wannsee ya yi wanka ya tafi bai shiga gidan nan ba.

In kana son ganin tafkin daga tsakiyarsa, kada ka biya jiragen yawon buɗe ido. Jirgin ruwan F10 yana tashi daga mashigar da ke ƙasan tashar Wannsee zuwa Alt-Kladow, tafiyar minti 20, da tikitin AB ɗin da ke aljihunka. Sau ɗaya yake tashi a awa, ranakun hutu kuma yana cika da masu keke, don haka ka isa da wuri, ka kuma duba lokacin jirgin ƙarshe kafin ka haye.