Fuskar aro da lokacin cire ta

Duk ranar 1 ga Janairu garin Winneba na ƙasar Gana yakan cika da ƙungiyoyin matasa sanye da tufafi masu launi da fuskokin aro suna gasar rawa, haka ma Takoradi a kwanakin Kirsimeti. Mu mutanen Zangon Kumasi mukan kalli wannan daga nesa a matsayin al'adar wasu, alhali yaranmu suna shigar tashe a watan azumi, maharbanmu na da kuwa sukan ɗaura kan burtu a goshi domin su kusanci dabba ba ta gudu ba. Ko amawalin da sarki yake rufe baki da shi, aikinsa ke nan: ya sanar da jama'a cewa sarauta ce ke magana.

A wasu ƙasashen lamarin ya fi haka nauyi. Mai ɗauke da Egungun, wato dodon da ke wakiltar kakannin da suka rasu, a ƙasar Yarbawa ana lulluɓe shi tun daga kai har ƙafa, yana sauya murya, kuma ba a ambaton sunansa ko da kowa ya san ɗan gidan wane ne. A wurin Mende na Saliyo mata ne suke saka baƙar fuskar sowei ta ƙungiyar Sande lokacin horar da 'yan mata, 'yan ƙabilar Dogon ta Mali kuma suna fito da nasu fuskokin a bikin dama domin rufe zaman makoki. Ba maganar aƙida nake yi ba, wannan malamai sun riga sun yi bayaninta. Tsarin ne abin lura: akwai ranar sakawa, akwai dattawan da ke kula da ita, sannan akwai lokacin da za a cire a adana, mutumin ya koma gonarsa.

Masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung, ɗan ƙasar Suwizalan da ya rasu a 1961, ya bayyana cewa kowane mutum yana da fuskar mu'amala, wato sulhun da yake ƙullawa tsakanin abin da yake ji a ransa da abin da jama'a suke tsammani daga gare shi. Bai ɗauke ta aibi ba. Abin da ya ji wa tsoro shi ne mutum ya shige cikinta har ya manta da kansa, kamar farfesan da ya rikiɗe ya zama littafin da yake koyarwa.

A nan ne nake saɓa wa matasan da suke yawan cewa a Facebook da TikTok wai kunya da kara munafunci ne. 'Yar unguwar Aboabo da take ciniki da yaren Twi a kasuwar Kejetia, ta yi Turanci a banki, ta dawo gida ta durƙusa ta gaida surukarta da Hausa ba tare da ta kama sunan ɗanta na fari ba, ba ta yaudari kowa ba, ta ba kowane wuri haƙƙinsa ne. Mai fuska biyu da hadisin Bukhari da Muslim ya yi tir da shi wani ne dabam, shi ne wanda yake zuwa wa waɗannan da wata fuska, ya je wa waɗancan da wata, domin ya ci amanar duka biyun.

Damuwar da nake gani a unguwanninmu ita ce ta fuskar da ba ta da ranar cirewa. Malamin da almajirai suka ɗaukaka har ya kasa cewa bai sani ba ya manta cewa Imam Malik, wanda yawancinmu muke bin mazhabarsa, ya shahara da faɗin haka a gaban masu tambaya. Ɗan'uwan da ya dawo daga Italiya ko Jamus, wanda ake kira boga, yakan ci bashi domin ya yi rabon kuɗi da Sallah, saboda dangi ba su bar masa ƙofar cewa aikin can ya tsaya ba. Da ya koma sai ya daina ɗaukar waya, a nan kuma a ce ya yi girman kai.

Kakanninmu sun tanadi wuraren sauke wannan kaya, har da wasan taubasai da wasan jika da kaka, da kuma amini wanda ake gaya wa abin da ba a gaya wa mahaifi. A gidan haya mai ɗaki ɗaya a unguwar Asawase, inda maƙwabci yake jin tarinka, irin waɗannan wurare sun ƙuntata, waya kuma ta sa 'yan kallo ba sa watsewa ko da tsakar dare. Limamanmu da sarakunan Zango suna yawan wa'azi a kan tarbiyya da kunya, kuma daidai ne, amma da wuya a ji huɗubar Juma'a da ta gaya wa dangi cewa wanda suke kira kowane ƙarshen wata yana da haƙƙin ya ce bana babu, a kuma yarda da shi.