Mai jiran Almasihu ya yi shirin jinkiri

Duk lokacin da yaƙi ya ɓarke a Gabas ta Tsakiya, ko girgizar ƙasa ta rushe birni, ko annoba ta kulle duniya kamar yadda korona ta yi a 2020, sai saƙonni su cika wayoyin Kiristoci: alamu sun cika, ƙarshen zamani ya zo, ku shirya. Cewa a shirya ba laifi ba ne, Yesu da bakinsa ya faɗa. Abin da nake ja da shi shi ne irin shirin da ake koya wa mutane, shirin wanda ya ɗaure kayansa yana jiran a ce masa gobe ne.

An sha gwada wannan hanya, kuma an ga inda ta kai mutane. A Amurka, wani manomi mai wa'azi, William Miller, ya ɗauki kwana 2,300 da ke cikin littafin Daniyel ya mayar da su shekaru, har mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba 1844 a matsayin ranar dawowar Almasihu. Wasu manoma sun bar amfanin gonarsu bai girbu ba, don a ganinsu babu mai ci. Rana ta faɗi, gari ya waye, ba abin da ya faru. Bayan fiye da shekara 160, wani mai wa'azi, Harold Camping, ya yi amfani da gidan rediyonsa ya sanar da 21 ga Mayu 2011. Wani mai ritaya a birnin Niyok ya zuba kusan dala 140,000 na ajiyarsa a tallan wannan rana, ya tsaya a dandali cikin taron jama'a da Littafi Mai Tsarki a hannu yana duban agogo, har ƙarfe shida ta wuce. Camping ya ɗaga ranar zuwa Oktoba, daga baya ya amince cewa ya yi kuskure.

Waɗannan dukiya da mutunci suka rasa. A Kanungu ta ƙasar Yuganda kuwa rayuka ne suka salwanta. Wata ƙungiya ta ce duniya za ta ƙare da ƙarewar 1999, mabiya suka sayar da abin da suka mallaka suka miƙa wa shugabanni. Ranar 17 ga Maris 2000 aka ƙone ɗaruruwansu cikin majami'a a kulle, da aka tono sauran gawarwaki adadin ya haura 700. A dajin Shakahola na Kenya, tun daga 2023 an tono gawa fiye da 400 ta mutanen da aka gaya wa su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu, cikinsu har da yara.

Abin mamaki, nassin bai ɓoye komai a kan wannan ba. A Matiyu 24:36 Yesu ya ce ranar nan da sa'ar nan ba wanda ya sani, ko mala'iku, sai Uba kaɗai. Yaƙe-yaƙe da yunwa da girgizar ƙasa da ake ta lissafawa, shi ya ambace su, amma ya ce kada a firgita, ƙarshen tukuna. Mai wa'azin da ya zo da kwanan wata yana cewa ke nan ya san abin da aka hana mala'iku sani. Wannan kaɗai ya isa mutum ya tashi ya bar masa majami'arsa.

Akwai abin da ba a cika lura da shi ba a ƙarshen sura 24 da sura 25 ta Matiyu. Misalai uku ne a jere, kuma a kowanne akwai jinkiri. Mugun bawa ya ce a ransa maigida ya daɗe bai dawo ba, sai ya shiga dukan 'yan'uwansa bayi. Ango ya yi jinkiri. Maigidan da ya bar wa bayinsa talanti, wato kuɗi, ya dawo ne bayan dogon lokaci. A misalin 'yan mata goma masu jiran angon, duka goman sun fito da fitilunsu, duka goman sun yi gyangyaɗi har barci ya kwashe su, masu hikima da marasa hikima. Ba a zargi kowa da barcin ba. Da ango ya iso da magariba, da duka sun shiga biki. Biyar ɗin da aka rufe wa ƙofa sun shirya wa zuwan ango da wuri, daren da zai yi tsawo ne ba su shirya masa ba. Da tsakar dare suka tashi neman mai, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka nake ganin mai zumuɗin kwanan wata ya fi kowa kama da 'yan matan nan biyar. Bangaskiyarsa ta mako uku ce, ko ta wata shida. Ranar ta wuce, sai mai ya ƙare. Wanda ya shirya da gaske shi ne wanda zai iya riƙe aure da aminci shekara arba'in, ya biya ma'aikacinsa hakkinsa, ya yafe wa wanda ya cuce shi, ya ci gaba da addu'a a shekarun da ba ya jin komai a zuciyarsa, ko Almasihu ya zo yau ko bayan jikokinsa.

Manzo Bulus ya gamu da wannan matsala tun a ƙarni na farko. A Tasalonika an ruɗa masu bi da cewa ranar Ubangiji ta riga ta zo, wasu kuma sun daina aiki suna cin na mutane. Amsarsa ba ta da zagaye-zagaye: wanda ya ƙi aiki kada ya ci abinci.

Wani zai ce irin wannan magana tana sanyaya gwiwa, tana sa mutane su miƙe ƙafa kamar ba za a dawo ba. Haɗarin gaskiya ne, manzo Bitrus ma ya yi gargaɗi a kan masu ba'a da ke tambayar ina alkawarin zuwansa. Akwai majami'u da shekara za ta zagayo ba a ji wa'azin shari'a sau ɗaya ba, sai albarka da ƙarin girma da buɗi, kuma wannan ma rashin shiri ne. Amma tsoro bai taɓa warkar da sakaci na dogon lokaci ba. Wanda aka razana ya tuba saboda wani kwanan wata, yakan koma gidan jiya da zarar ranar ta wuce, wani lokaci ma ya tafi da ɗan imanin da yake da shi.

Sura 25 ta Matiyu ta rufe da shari'ar al'ummai, inda ake raba mutane kamar yadda ake raba tumaki da awaki. A tambayoyin da ke wurin babu ta lambar dabbar littafin Wahayi, wato 666, babu ta wane ne magabcin Almasihu, babu ta lokacin fyaucewa, wato ɗauke masu bi zuwa sama, abubuwan da suka fi cin lokacin masu muhawara a intanet. Ana maganar mayunwaci ne da mai ƙishirwa, baƙo da marar tufa, marar lafiya da ɗan kurkuku. Waɗanda aka karɓa ma ba su san cewa Almasihu suke yi wa hidima ba, har suna tambaya yaushe suka gan shi da yunwa suka ciyar da shi.