Na gudu daga haya ɗaya na faɗa biyu

Abin ya fara ne wata Asabar a Disambar 2023, ina zaune a tsakar gida a Kubwa ina fama da wata fanka da ta ƙi juyawa, sai ga yaron mai gidanmu da ambulan. Ni dai tunda nake a Abuja ban taɓa ganin alheri ya shigo gida a cikin ambulan mai ruwan ƙasa ba. Na buɗe, turanci ne zalla, an fara da gaisuwa mai daɗi kamar za a naɗa ni sarauta, can ƙasa kuma aka ce wai saboda halin da ƙasa take ciki hayar ciki biyu da falo ta tashi daga dubu 800 zuwa miliyan 1 da dubu 300. Halin da ƙasa take ciki fa! Kamar ni a Madina nake zaune ban san halin ba.

Daren nan barci ya ƙaurace mini. Wajen ƙarfe biyu na tashi uwargida na ce, "Hajiya, na gama shawara, ƙauye za mu koma." Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Wane ƙauyen, naku ko namu?" Na ce ba ko ɗaya, ƙauyen Abuja nake nufi, inda zan je ofis da safe in dawo da yamma in leƙa 'yar gonata, ga kaji ga awaki ga iska, doya kuwa sai dai mu bayar kyauta. Ta ce, "To Baban yara, Allah ya kai mu safiya," ta juya abinta. A lokacin na ɗauka amincewa ce.

Na fara bincike kamar mai neman aure. Ɓangaren Mararaba da Masaka tun a ofis na soke shi, don akwai abokin aikina da ke Masaka, bawan Allah sallar asuba a hanya yake yi saboda gosulon Nyanya, ya ce 'ya'yansa ba ya ganinsu a farke sai ranar Lahadi, autansa har ƙyuya yake masa. Suleja da Madalla kuwa arharsu ta zama tarihi, duk wanda Abuja ta kora tun rusau ɗin zamanin el-Rufai can ya nufa, masu gidajen sun waye. Gwagwalada na je sau ɗaya da rana tsaka, na sha ruwan leda biyar kafin in ga gida ɗaya, na ce a'a, ban yi laifin da za a gasa ni tun a duniya ba. Kuje ta kwanta mini a rai wallahi, amma Hajiya ta ce ko da wasa. Ta ce, "In 'yan gidanmu suka kira suka ce ina mijinki, in ce yana Kuje? Kafin in ƙarasa bayani labari ya kai Zariya cewa an ɗaure ka." Na duba na ga tana da gaskiya.

A teburin mai shayi na haɗu da dillalin da ya kai ni ya baro. Mutum ne mai hula a karkace da tarin makullai a hannu kamar mai gadin kurkuku, komai ka ce sai ya ce "akwai, Oga." Ya ce in arha nake so ta gaske in bar waɗannan wuraren da 'yan boko suka ɓata, in zo ya kai ni wani gari a bayan Kwali, kan hanyar Lokoja, an wuce Gwagwalada kaɗan. Kalmar kaɗan ɗin nan ku riƙe ta. Har ya zaro naira 20 daga aljihu ya juya bayanta ya nuna mini hoton Ladi Kwali tana ginin tukunya, ya ce, "Oga ka gani, yankin da ke jikin kuɗin Najeriya zan kai ka." Ban tsaya na yi tunanin cewa naira 20 ɗin ko ruwan leda da ƙyar take saya ba.

Muka je a Janairu, hunturu ya bushe komai. Mun sauka a bakin titi muka hau acaɓa, tafiya muke tafiya muke har na fara karanto addu'ar da ban san na haddace ba. A hanya muka gangara wani ɗan kwari mai yashi fari tas, na ce wannan fa? Ya ce, "Ai nan yara ke buga ƙwallo, Oga." Ba ƙarya ya yi ba, na ga yaran da idona.

Gidan kuma tsakani da Allah ya yi kyau. Ciki uku, falo, tsakar gida da za ka iya yin sukuwa, bishiyar mangwaro, a shekara dubu 180. Sai da na sa ya maimaita. Na tambayi wuta, ya nuna mini turaku da wayoyi a jere har ƙofar gida. Na tambayi ruwa, ya nuna rijiya. Na ciro waya na ga netwok sanda ɗaya, ya ce yau ne kawai saboda hazo. Nan take na biya shekara biyu, da kuɗin ejan kashi 10, har da na agrimen da aka rubuta a takardar da aka yago daga littafin ɗan makaranta, ina ta sauri kar wani ya riga ni, alhali daga ni sai wata akuya a layin.

Saura ƙiris ma in ƙara da sayen fili. Wani dattijo ya nuna mini fegi daga wannan dutse zuwa waccan bishiyar kaɗanya, ya ce zai ba ni takarda mai hatimi. Allah ya taimake ni na kira wani abokina lauya, ya ce, "Kai, kana hauka ne? Duk ƙasar da ke cikin Abuja ta gwamnatin tarayya ce, minista kaɗai ke bayar da takardar mallaka, wannan hatimin ranar da masu jan fenti suka zo suka zana maka alama a bango ko kallonsa ba za su yi ba." Wannan kaɗai ce dabarar da na yi a cikin labarin nan gaba ɗaya, ita ma aro na yi.

Muka tare a Fabrairu. Daren farko na tambayi maƙwabcina, wani dattijon Gbagyi mai kirki, yaushe ake kawo wuta. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce turakun nan tun wani zaɓe aka kafa su, taransifomar ce ake jira, ana sa ran zaɓe mai zuwa. Netwok kuwa ashe ba hazo ba ne, gari guda wuri ɗaya ake samu, kan wani suri a bayan makarantar firamare, da yamma har layi ake yi, in ka daɗe a sama sai ka ji an ce "Malam a taimaka a sauko, mu ma muna da 'yan uwa." A kan surin nan na karɓi kiran ogana ranar da ake neman wani fayil, ina cewa yes sa yes sa, gara na hawa mini ƙafar wando.

Sai lissafin mota. Ni da na zauna da biro na lissafa ribar haya har na fara tunanin Umara, ban sa kuɗin hanya a ciki ba, kuma ina sane sarai an cire tallafin mai tun 29 ga Mayun 2023, ba wai labari aka ba ni ba. Acaɓa zuwa titi, mota zuwa Gwagwalada, wata motar ta bi ta Giri da hanyar filin jirgi ta wuce Lugbe ta sauke ni a cikin gari, sannan in nemi ta ƙarshe zuwa sakatariya, da yamma kuma a sake karanto surar daga ƙarshe zuwa farko. Da wata ya ƙare na tara abin da na kashe sai na ga kusan duk abin da na ƙwace daga bakin mai gidan Kubwa na miƙa wa direbobi da hannuna, har da godiya.

Duk wannan wasa ne. Ruwa ya sauka.

Wata Litinin a watan Yuni aka kwana ana tafka ruwa, na fito da farar shadda sabon guga saboda muna da mitin ƙarfe tara, muka iso filin ƙwallon nan na dillali sai na tarar da kogi. Kogi na sosai, jajawur, yana tafe da itace da buhunan leda da wata kaza da ta riga mu gidan gaskiya. Ɗan acaɓan ya kashe mashin ya ce, "Baba iyakar mu nan." Na ce to ya ake yi? Ya nuna mini wasu samari majiya ƙarfi a bakin ruwa, su sana'arsu ke nan duk damina, mashin su ɗauke shi a ka, mutum kuma a goya shi. Naira 500 mutum, mashin 1000. Na tsaya ina kallon ruwa ina kallon shaddata ina tuna shekaruna 47 da matakin albashina, can na cire takalmi na ɗora a ka tare da fayil, na ce bismillah na haye bayan wani yaro da bai fi sa'an ɗana na fari ba.

Mun kai tsakiya ruwa ya kai masa ƙirji sai ya tsaya cak. Ya ce, "Baba, gaskiya kai na dubu ɗaya ne, ka fi mashin nauyi." Jama'a a tsakiyar kogi ake ciniki da ni! Na ce ɗana mu ƙarasa tukuna, ya ce a'a shi an sha yi masa haka. Na ce na yarda, har da rantsuwa. A hayin kuma mata masu kai doya kasuwa suna tsaye suna ta dariya, ɗaya ta ɗaga murya ta ce a riƙe Alhaji da kyau kar gwamnati ta jiƙe. Na isa ofis sha ɗaya da rabi, shadda ta koma kalar kunun kanwa daga gwiwa zuwa ƙasa, ogana ya dube ni sama da ƙasa ya ce daga gona nake ko daga Lokoja.

Ranar na dawo gida na ce Hajiya tattara kaya, an fasa. Ta ce, "Wa, ni?" Ashe ni ina can ina fama da direbobi ita ta yi ƙawaye, ta fara sarin doya da gari a wajen matan garin tana aikawa Kubwa wurin tsofaffin maƙwabtanmu, ta sayi ɗan sola tana cajin waya naira 100, kajin da na yi mafarki ita ta tara su har sun kai 30. Ta ce, "Baban yara, kai ka kawo mu, kuma ka biya shekara biyu, ni ban ga abin da zai tashe ni ba. Yara ma sun yi ƙiba."

Haka na lallaɓa na koma wajen tsohon mai gidana na Kubwa, na gaishe shi har ƙasa. Gidan namu an riga an ba wani, amma akwai ɗan ɗaki ɗaya a baya kusa da janareto, ya ce saboda mutunci zai bar mini a dubu 400. Yanzu nan nake kwana Litinin zuwa Alhamis a kan katifar ɗalibai, Juma'a in kama hanyar ƙauye in ruwa ya yarda, in bai yarda ba in tsaya a hayi in kira Hajiya, ita kuma sai an aika yaro ya ce ta hau suri mijinta na nema.

Jiya da zan fito mai gidan ya tare ni a ƙofa, na ɗauka wata ambulan ɗin ce gabana ya faɗi. Ashe saƙo ne, wai in faɗa wa Hajiya ta aiko masa da doya kwarya ɗaya irin ta wancan makon, kuɗin kuma ya riga ya tura mata, ni dai in ɗauko kawai.