Giyar talakan Faransa tana da sunan garinsu, zoɓonmu fa?

Yankin da nake zaune a kudancin Faransa sunansa Languedoc, kuma daga Montpellier har Narbonne duk inda ka waiwaya gonar inabi ce. Ni Musulmi ne, ba na shan giya, ba na sayenta, ba kuma zan ce wa kowa ga mai daɗi ya je ya nema ba. Sai dai mutum ba ya zama cikin manoma ya ƙi ganin yadda suke riƙe da amfanin gonarsu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a nan kwalbar jar giya mai araha a kanti tana ɗauke da sunan ƙasar da aka noma inabinta, alhali zoɓon da matan Magarya da na Maigatari suke tsinka da hannunsu yana tsallaka teku ba wanda ya san daga inda ya fito.

Kada a ɗauka zancen masu kuɗi nake yi. Giyar Bordeaux da ta Bourgogne da ake ji ana ambata da tsada, ba ita ce a teburin maƙwabtana ba. Birkila ne, direban babbar mota ne, tsohuwar malamar makaranta ce, kuma abin da suke saye bai wuce Yuro biyar ko shida ba. Wasu ma da jarka suke zuwa ma'ajiyar ƙungiyar manoma a ɗura musu. To amma ka saurare su in suna gardama a kan wannan mai arahar. Wannan ya ce ta Corbières ta fi, don tsaunukansu busassu ne, iskar arewa ba ta barin ganye da laima. Wancan ya ce a'a, ta Faugères, ƙasarsu dutse ne mai ɓarewa falle-falle wanda yake riƙe zafin rana har dare. Wani ya kawo Minervois, wani Fitou, wani Saint-Chinian. Sun san irin inabin da ke cikin kowace: carignan, grenache, syrah, mourvèdre. Sun san shekarar da aka yi fari da wadda ƙanƙara ta yi ɓarna. Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba yana maganar ƙasar noma kamar a can aka binne cibiyarsa.

Wannan ilimin ba haka kawai ya faɗo musu ba, da jini aka saye shi. Tun daga shekarun 1860 wani ƙwaro mai suna filoksera, wanda ya shigo daga Amurka, ya cinye saiwar inabin Faransa kusan kaf. Aka rasa giya, sai 'yan kasuwa suka koyi haɗa ta jabu da busasshen inabi da sukari da ruwa da launi. Da manoma suka farfaɗo, ta hanyar ɗaura irinsu a kan saiwar inabin Amurka da ƙwaron ba ya iya ci, sai suka tarar kasuwa ta cika: ga tasu ta yi yawa, ga ta Aljeriya tana shigowa, ga ta jabu ba a daina ba. Farashi ya faɗi warwas.

A shekarar 1907 abin ya kai su bango. Wani manomi mai shagon shan kofi a ƙauyen Argeliers, Marcelin Albert, ya ja mutum 87 zuwa Narbonne a watan Maris don su kai kuka. Kowace Lahadi taron yana ƙaruwa, gari bayan gari, har ranar 9 ga Yuni da mutane sama da rabin miliyan suka cika Montpellier. Magajin garin Narbonne, Ernest Ferroul, ya ajiye muƙaminsa, ɗaruruwan magadan gari suka bi shi. Clemenceau, wanda ke shugabantar gwamnati, ya turo soja, aka yi harbi a Narbonne aka kashe mutane. Wata bataliya da yawancin sojojinta 'ya'yan yankin ne ta bijire, ta tako daga Agde zuwa Béziers ta zauna cikin jama'a. Kafin watan ya ƙare, ranar 29 ga Yuni, majalisa ta yi dokar hana surka giya da ruwa da cika mata sukari, aka kuma wajabta wa kowane manomi ya bayyana yawan abin da ya girba. Ku lura da abin da suka nema. Ba tallafi suka fito roƙo ba, cewa suka yi a hana a sayar da abin da ba inabi ba da sunan inabinsu.

Sauran ya biyo baya a hankali. Ƙananan manoma suka haɗu suka gina wurin matsa da ajiya na tarayya, kamar yadda mutanen Maraussan kusa da Béziers suka kafa ƙungiyarsu tun 1901 suka gina nasu a 1905, kuma har yau da wuya ka ratsa ƙauye a nan ba ka ga irin wannan ginin ba. A 1935 aka kafa tsarin kare sunan wuri, wanda suke taƙaitawa AOC. Fitou ta samu nata a 1948, Corbières da Minervois sai 1985. Sunan kuwa ba ado ba ne a jikin kwalba. An shata iyakar gonakin da suka cancanta, an faɗi irin da za a shuka, an ƙayyade yawan abin da za a ɗiba a kowace kadada, akwai masu zuwa dubawa, wanda ya saɓa a hana shi amfani da sunan. Shi ya sa mai Yuro biyar yake saye hankali kwance.

Yanzu mu koma gida. Zoɓo a wurinmu yawanci shukar gefen gona ce, tsakanin gero da wake, kuma mata da yara ke da wahalar ɓare shi bayan kaka, ƙaiƙayinsa yana cin hannu. Ganyen ya tafi miyar yakuwa, gurguzun ya tafi daddawar batso, furen a shanya. Daga nan mai awo ya saya a kasuwar ƙauye, dillali ya tara, a loda zuwa Maigatari ko Dawanau a Kano. A can ake zube na Jigawa da na Katsina da na Damagaram da na Maraɗi wuri ɗaya, a sheƙe, a ɗure a buhu, a kai tashar jirgin ruwa ta Legas. Mafi yawansa Meziko yake tafiya, inda suke shansa kamar yadda muke sha. Matar da ta shanya nata a kan tabarma mai tsabta ta tsince shi tas, da wadda ta baza a ƙasa ya kwashi yashi da kashin awaki, kuɗin tiya ɗaya ake ba su. Don me gobe ta farkon za ta sake wahalar da kanta? Akwai lokacin da Meziko ta dakatar da karɓar zoɓon Najeriya saboda ƙwarin da aka samu a cikin kaya, kuma hukuncin ya hau kan kowa, mai tsabta da marar tsabta, tunda buhun bai nuna na wane ne ba.

Mun taɓa yin irin wannan asarar. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majemanmu suka jeme suka rina, ayari ya riƙa ketare Sahara da ita, Turawa suka saye ta a tashoshin Arewacin Afirka suka yi ta kiranta fatar Maroko, suna yi wa littattafansu masu daraja bango da ita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Zoɓo yana kan wannan hanyar a idonmu.

Sai dai laifin ba na dillalai kaɗai ba ne, har da bakinmu. Mu da muke shan zoɓo tun muna yara, ba mu san ɗanɗanonsa ba. Citta da kanumfari da masoro da ɓawon abarba ba ni da ja da su, gadonmu ne. Amma yanzu an koma zuba garin ƙamshi na leda da sukari har cokali ya kusa tsayawa, wasu su jefa kanwa don kashe tsamin, ta yadda ko wane irin fure aka dafa abu ɗaya za ka ji. In bakin mai sha bai bambance ba, mai sayarwa ba shi da dalilin bambancewa. Mutanen Senegal sun ɗara mu a nan. Mace a kasuwar Dakar ta san irin da suke kira vimto, mai duhun ja da sauƙin tsami, ta san koor mai haske da tsami sosai, kuma tana haɗa su gwargwadon abin da take so. Mu ma muna da baƙi da ja da fari, amma sau nawa ka ji an tambayi mai awo na wane gari ne?

Abin da na ɗauka a wurin maƙwabtana shi ne tsarin ɗanɗanawa, kuma ya yi wa zoɓo daidai. A shagunan 'yan Afirka da Larabawa na unguwar Figuerolles a Montpellier ana samun na Senegal, na Masar ko Sudan, wani lokaci da na Najeriya. Ka auni kowanne daidai wa daida, ka ɗauraye, ka jiƙa a ruwan sanyi ya kwana, kada ka tafasa, kada ka sa komai. Da safe ka tace a kofin gilashi, ka fara duba launi a haske, ka shinshina, sannan ka kurɓa kaɗan ka bar shi ya zagaya baki. Bambancin zai ba ka mamaki. Wani tsaminsa yana sara nan take ya wuce, wani yana da nauyi da ɗan bauri a ƙarshen harshe, wani yana ƙanshin busasshen 'ya'yan itace, wani kuwa ƙurar sito kawai za ka ji, alamar ya kwana biyu. A bakina baƙin zoɓon da ake aiko mini daga Damagaram ya fi su cika baki, launinsa ma ya fi jure ruwa. Ra'ayina ne, wani zai iya cewa son gida ne, to a kawo na Gumel da na Daura da na Tasawa a jera mu yi gardamar. Irin gardamar da nake so mu fara ke nan.

Ga 'yan'uwa da ke zaune a wannan ƙasa ko masu zuwa karatu, akwai jan abin sha na halal mai araha da yawancinmu ba mu kula da shi ba. Manoma da yawa suna matse inabi su dafa ruwan su rufe a kwalba ba tare da an tsima shi ba, kuma ana samunsa a kasuwannin mako da rumfunan manoma a kan Yuro uku zuwa huɗu. Ya fi na kwali da ke manyan kantuna nesa ba kusa ba. Na irin inabin da ake kira merlot yana da kauri da zaƙi, na muscat baƙi ƙanshi ne da shi kamar fure, in kuwa ka dace da na alicante, wanda har tsokar ɗan ja ce ba fatar kaɗai ba, launinsa sai ka rantse zoɓo ne. Aibinsa ɗaya, zaƙi ya yi yawa, ba shi da tsamin da ke kashe ƙishirwa, mai ciwon sukari kuma ya yi hattara. Ni nakan haɗa kashi ɗaya nasa da kashi biyu na jiƙaƙƙen zoɓo da 'yar citta, ba sai an sa sukari ba. Da azumi ba abin da ya kai shi a gidana. Amma a karanta kwalba da kyau. Akwai wadda giya ce aka tsima sannan aka cire mata barasa, kuma dokar Tarayyar Turai ta yarda a kira ta haka ko da ragowar barasar ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Wannan ni ba na kusantarta. A nemi wadda aka rubuta ruwan inabi zalla.

Wani zai ce kare sunan wuri sai Turawa. Ba haka ba ne. Ba giya kaɗai ake yi wa ba, albasa mai zaƙi ta tsaunukan Cévennes, nan arewa da mu, ta samu nata a 2003. A Afirka ma hukumar OAPI da ke Yawunde, mai yi wa ƙasashen da ke cikinta rajistar irin waɗannan sunaye, ta yi wa masoron Penja na Kamaru rajista a 2013, farashinsa ya tashi, manyan masu dafa abinci na Turai suna nemansa da sunansa. Nijar ta bi wannan hanya da kilishi da albasar Galmi, bayan da wani kamfanin iri na waje ya taɓa yunƙurin mallake sunan albasar aka yi ta ja-in-ja. Abin da aka yi wa albasa ba abin da zai hana a yi wa zoɓo.

Ba na cewa suna maganin komai ne. Manoman nan suna cikin matsi yanzu haka. Bafaranshe da yake shan sama da lita 100 a shekara a shekarun 1960 ya dawo wajen 40, matasa sun juya wa jar giya baya, fari yana ƙaruwa, har gwamnati tana biyan mutane su tumɓuke inabinsu. Amma da idona nake ganin waɗanda suka fi jin jiki: masu sayarwa da tanka ba suna, waɗanda ɗan kasuwa zai musanya da ta Sifen in ta fi araha da 'yan santimai. Mai suna yana da masu nemansa. Manomin zoɓonmu yana cikin marasa suna, in na Sudan ko na Burkina ya fi sauƙi bana, an bar shi da kayansa.

Akwai kuma matsalar iyaka. Najeriya ba ta cikin OAPI, alhali ƙasar Maigatari da ta Magarya yashi ɗaya ne, damina ɗaya, dangi ɗaya, don haka jiran gwamnatoci biyu su zauna a kan zoɓo zai ɗauki lokaci. Ba sai an jira su ba. Ƙungiyar mata a gari ɗaya za ta iya ware irinta, ta shanya a kan tabarma ko leda, ta ɗure a ƙananan jakunkuna da sunan garin da shekarar girbi, ta ƙi yarda a gauraya mata da na wani. Masu sayen farko mu ne da ke waje, da muke biyan kuɗi mai yawa a kan 'yar ledar da ba mu san asalinta ba, sai masu sayar da zoɓon kwalba a Kano da Yamai da Abuja, waɗanda za su iya rubuta na Gumel ko na Matamaye a jikin robarsu tun daga girbin bana.