Ba Aman Wuta Ne Ya Samar da Tsaunukan Himalaya Ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa kowane dogon tsauni aman wuta ne ya samar da shi, amma tsaunukan Himalaya ba haka suka samu ba. Kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, ɓangaren ƙasar da ke ɗauke da Indiya ya yi karo da na Asiya, sai shimfiɗar tekun da ke tsakaninsu ta nannaɗe ta cira sama. Shi ya sa ƙololuwar Everest, mai tsayin mita 8,849, take ɗauke da dutsen farar ƙasa, wanda a cikinsa, abin mamaki, ake samun burbushin ƙananan halittun teku. Har yau Indiya tana matsawa arewa kaɗan-kaɗan, abin da ke haddasa girgizar ƙasa irin ta Nefal a shekarar 2015.