Kafin mu ɗaga murya a kan tarayya

Ƙannena matasan Gadarif da Kasala da Damazin a nan Sudan, jiya bayan la'asar na zauna wajen mai shayi, gardama ta kaure tsakanin samari biyu. Ɗaya ya ce idan Allah ya kawo ƙarshen yaƙin nan a raba iko, kowane yanki ya riƙe nasa. Ɗayan ya rantse tarayya ce ƙofar wargajewar ƙasa. Har jabana, wato gahawa, ta huce ba wanda ya taɓo abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya: idan an raba ikon, wa za a ƙirga ɗan gida a wilaya, wato jiha, wa za a ce baƙo ne?

Kalmar nan ta daɗe a bakin 'yan siyasar Sudan. A Disambar 1955 majalisa ta yi wa 'yan Kudu alkawarin duba buƙatarsu ta tarayya, da aka samu 'yanci sai aka yi fatali da zancen. Yarjejeniyar Addis Ababa ta 1972 ta ba su mulkin kansu, Shugaba Numairi ya warware ta a 1983. A 1994 aka yanka ƙasar wilayoyi 26, amma wuƙa da nama suka zauna a Khartum. A 2011 Kudu ta tafi.

Ku dubi Beljiyam, ƙasar zaɓe, mai tarayya tun 1993. Galibin jam'iyyunta sun rabu bisa harshe, na masu Holanci daban, na masu Faransanci daban, kuma in ba a Burasel ba kowa a cikin masu yarensa yake neman ƙuri'a. Bayan zaɓen 2010 sai da suka yi kwana 541 ba su kafa gwamnati ba. Wanda ba ya buƙatar ƙuri'arka, me zai sa ya sassauto maka?

Wannan shi ke hana ni barci. Mu Hausawa ba mu da wilayar da za a kira tamu, muna warwatse daga Gadarif zuwa Sinnar, alhali kakanninmu sun kafa garin Mai Wurno tun bayan yaƙin Burmi na 1903. A Yulin 2022 mun ga abin da ya faru a wilayar Nilul Azraƙ kan batun sarauta da ƙasa: rayuka fiye da 100 suka salwanta, dubbai suka bar gidajensu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Tarayyar da aka gina a kan ƙabila da gadon ƙasa za ta iya mayar da jikan jika baƙo a garin da aka binne cibiyarsa.

Don haka idan ɗan takara ya zo da kalmar nan, don Allah ku riƙe tafi tukuna. Ku tambaye shi: haƙƙin gona da zama ne ko da asali? Wali, wato gwamnan wilaya, mu za mu zaɓa ko naɗo shi za a yi? Tsarin mulkin 2005 ya ce duk harsunan asali na ƙasar nan harsunan ƙasa ne. A wane aji ɗan Mai Wurno zai karanta Hausa? Ku sa ya amsa a gaban jama'a, ɗayanku ya ɗauka a waya.