Kujerar da ba ta da wa'adi

Kun ce Kotun Ƙolin Amurka ta soke 'yancin zubar da ciki a 2022, bayan hukuncin 1973 da ya ba da wannan 'yanci ya kusa shekara 50. Ni dai ba na goyon bayan zubar da ciki, amma a duba yadda aka cika kotun. A 2016 'yan Republican a Majalisar Dattawa suka ƙi ko sauraron Merrick Garland da Shugaba Obama ya zaɓa ya zama alƙalin kotun, wai zaɓe ya ƙarato. A 2020 kuwa, saura kwana 8 zaɓe, su ɗin dai suka tabbatar da Amy Coney Barrett a matsayin alƙaliyar kotun. Ikon Allah! Ga kujerar ba wa'adi, sai mutuwa ko murabus. Gara tsarin alƙalan Kotun Tsarin Mulki ta Jamus: shekara 12, ba tazarce, kuma sai kashi biyu bisa uku na majalisa sun amince.